Gemun Kadijatu da Halawar Ikilima

Akwai wata budurwa a Sabon Birni mai suna Ikilima, 'yar Malam Attahiru mai makarantar Islamiyya. Allah ya ba ta murya da kyan fuska, kuma ta san ya ba ta. Bakinta kuwa, ni dai ba na yi wa kowa fatan ya faɗa cikinsa.

A gidan akwai Kadijatu, 'yar ƙanwar Malam, wadda aka kawo daga Tozai don karatu. Taubasai ne ke nan. Kun dai san wasan taubasai, a yi wa juna tsiya, a yi dariya, ba mai riƙe wani a zuciya. Ikilima ta samu wannan ƙofa a buɗe, ta shige da takalmanta.

Kadijatu tana da ɗan gashi a haɓa da saman leɓe, haka Allah ya halicce ta. Sai Ikilima ta raɗa mata suna Malam Kadi mai gemu. In ta shigo aji, Ikilima ta ce, “Ku tashi ku gaida Malam.” Tun 'yan aji na dariya, har sunan ya kai bakin matan unguwa.

Wata rana Kadijatu ta same ta a ɗaki ta ce, “Ikilima, wasan ga na yi mani ciwo. Don Allah ki bari.”

Ikilima ta taɓe baki. “Ke taubashiyata ce. In ban yi maki tsiya ba, wa za ni yi ma?”

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Ikilima ma tana da irin gashin nan. Ɓoyewa take yi. Takan kulle ɗaki ta cire shi da halawa, wato sukari da lemun tsami da ake dafawa har su yi danƙo, a manna a fata a fizge.

Ana haka lokacin walimar saukar Alƙur'ani ya zo, su biyun duk suna cikin masu sauka. Ikilima aka zaɓa ta buɗe taro da karatu a gaban jama'a. Tun da aka faɗa mata, ba ta ƙara wuce madubi ba ta tsaya ba.

Ranar jajibiri da hantsi, mata na can tsakar gida suna suyar cincin, Ikilima ta faki ido ta dafa halawarta. Tsoron kada a gan ta ya hana ta jira ta huce, ta manna ta da zafinta. Ta fizge, ta ga saura, ta sake mannawa a wuri guda, ta sake fizgewa. Ga shi dama ta jima tana shafa man ƙara haske, fatar ta yi laushi. Da ta gama, wai don ƙanshi, ta kawo humra ta shafa a kai.

Kafin azahar wurin ya yi ja, ya kumbura, ƙananan ƙuraje suka feso. Abin takaicin ma shi ne yadda shatin ya fito. Ya zagaye saman leɓe ya sauko haɓa, gashin baki da gemu sak, kamar da alƙalami aka zana.

Kadijatu ta turo ƙofa ta same ta zaune tana kuka, da man goge baki a hannu za ta lafta. Ku da kuke karantawa, ku faɗi gaskiya, da ku ne me za ku ce? Ni kam da na yi dariyar da za a ji har garin Isa.

Kadijatu ta karɓe man ta ajiye. “Kada ki ƙara ma kanki wuta,” in ji ta. Ta ɗebo ruwan randa da tsumma mai tsabta ta riƙa dasa mata a hankali. Sannan ta yafa mata mayafi ta raka ta asibiti ta ƙofar baya. Malamar asibiti ta ba ta magani, ta hana ta man hasken da turare, ta ce shatin zai ɗauki lokaci kafin ya baje.

A hanya Ikilima ta ce, “Ba ni zuwa walimar ga. Gara a ce ban da lafiya.”

“Karatun da kinka sha wahala kanshi? Za ki zo. Ki sa niƙabi.”

“Ni da ban taɓa sawa ba? Sai sun ce in ɗaga sun gani.”

“To, mu sa tare.”

Haka aka yi. Washegari Ikilima ta yi karatunta cikin niƙabi, muryar nan ta fita tas, har Malam Attahiru ya sunkuyar da kai yana share ido.

Bayan taro aka koma cikin gida, ɓangaren mata. Goggo Habi, mahaifiyar Kadijatu, ta zo tun safe daga Tozai a kan babur, tana zaune tana alfahari da 'yarta. Sai wata maƙwabciya mai suna Zulaihatu ta dubi 'yan matan ta ce, “Yau kuma mi ya kawo niƙabi? Nan duk mata ne. Ikilima, ɗaga mu ga kwalliya.”

Ikilima ta dafe niƙabinta. Kafin ta buɗe baki, Kadijatu ta riga ta.

“Ni nac ce ta taya ni sawa. Kun dai san gemun ga nawa.”

Ɗaki ya ɗauki dariya, wata har da cewa Malam Kadi ya ji kunya. Goggo Habi ba ta taɓa jin sunan ba sai ranar. Ta dubi 'yarta, ta dubi matan, ta ajiye cincin ɗin da ke hannunta.

Ikilima ta ga fuskar goggonta, kunya ta rufe ta. Ta sa hannu ta ɗaga niƙabin.

“Ba ita ba ce, Goggo. Ni ce. Nawa nic cire da halawa ya ƙone ni. Kuma ni na sa mata sunan ga.”

Dariya ta ɗauke. Goggo Habi ta jima tana kallon shatin, sannan ta ɗaga haɓarta ta nuna wasu 'yan silin gashi. “Gadon kakarku ne, ɗiyata. Ga nawa nan, kuma da shi na haifi wagga da ta rufa maki asiri.”

Da mutane suka watse, Ikilima ta kama hannun Kadijatu. “Ki rama. Hakkinki ne, ki kira ni duk sunan da kika so.”

Kadijatu ta miƙa mata maganinta ta ce, “Na san zafinshi, shi ya sa ba ni iyawa. Shafa, lokaci ya yi.”

Darasi: Kada ka fake da wasa ka ci mutuncin wani a kan halittarsa, domin wanda kake yi wa dariya yau yana iya zama mai rufa maka asiri gobe. 'Yan uwa mata kuma, a bar halawa ta huce, kada a maimaita a wuri guda, a nisanta turare da man haske daga fatar, in ta ƙone a nufi asibiti. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, musamman taubashin nan mai kaifin baki.