Tukunya Mai Ƙaramin Baki

Akwai wata mata da take da shukar fulawa guda ɗaya a barandar gidanta. Mahaifiyarta ce ta ba ta ranar da za ta tare a gidan miji, a cikin wata tukunyar ƙasa mai faɗin ciki da ƙaramin baki. Mahaifiyar maginiyar tukwane ce, da hannunta ta gina tukunyar, har shatin babban yatsanta yana nan a wuyanta. Ba a daɗe ba mahaifiyar ta rasu. Tun daga nan matar ta ɗauki son duniya ta ɗora wa shukar da tukunyar. Ko mijinta bai isa ya matsar da su ba sai ya nemi izini.

Shekara biyar shukar tana yabanya. A ta shida sai ganyenta ya soma yin rawaya yana zuba. Matar ta ƙara mata ruwa, ta zuba mata takin awaki, ta kai ta rana, ta dawo da ita inuwa. Ana magani kai yana kaba. Hankalinta ya tashi ƙwarai, gama tana gani kamar mahaifiyarta ce za ta sake mutuwa.

Sai ta kira wani tsoho mai lambu, maƙwabcinsu, ana ce da shi Baba Filibus. Tsohon bai ko dubi ganyen ba. Ya karkata tukunyar ya nuna mata gindinta, ga saiwa ta leƙo ta ƙofar da ruwa ke fita. Ya ce mata ba cuta ba ce, girma ne. Saiwa ta cinye ƙasar, ta cika tukunyar, ba ta da sauran wurin zuwa. Sai a dasa ta a babbar tukunya.

Matar ta yi murna, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, a zaro ta. Baba Filibus ya gwada mata faɗin cikin tukunyar da hannu biyu, sa'an nan ya gwada bakin da hannu ɗaya.

Ya ce, "'Yata, abin da ya shiga yana ƙarami ba zai fito ta wannan baki ba. Ko a fasa tukunya, ko a rasa shuka."

Ta ce, "Baba, hannun mamata ne a jikinta."

Ya ce, "Na sani. Amma da ta ba ki, tukunya ta ce ki raya, ko shuka?"

Ta yi kwana uku tana juya maganar a ranta, ganye kuwa bai fasa zuba ba. A rana ta huɗu ta ɗauko taɓarya da kanta, ta ƙwanƙwasa tukunyar a hankali, tana hawaye, har ta rabe. Sai ga saiwar a naɗe kamar gammo, babu ƙasa a ciki ko cikin tafin hannu. An cire tukunya, amma saiwar tana nan da siffar tukunya. Tsohon ya zauna ya warware ta da yatsu, kaɗan kaɗan.

Matar ta soma tattara tsingaron don ta zubar. Ya hana ta. Ya ɗauki wanda yake da shatin yatsan, ya kifa shi a kan ƙofar gindin sabuwar tukunya, domin ruwa ya wuce, ƙasa kuwa ta tsaya. Sa'an nan suka zuba sabuwar ƙasa suka dasa. Mako guda shukar ta yi yaushi, matar har ta soma da-na-sani. A mako na uku ta fid da sabon toho.

Ma'anar wannan misali ke nan. Shukar ita ce ran da Ubangiji ya ba mu amanarsa, namu ko na wani. Tukunyar kuwa abu ne mai kyau wanda ya riƙe mu muna ƙanana. Ba zunubi ba ce, shi ya sa rabuwa da ita take da wuya. Wani shekararsa talatin a majami'a, amma addu'ar da ya haddace yana yaro ita ce iyakarsa har yau. Wata kuma ɗanta ya yi gemu, har yanzu ita ce take yanke masa kowace shawara, tana mamakin yadda ya ƙi yin gaba. Muna ta ƙara ruwa, alhali wuri ne ya yi kaɗan.

Idan Ubangiji ya sa hannu ya fasa, za ka yi yaushi na 'yan kwanaki, kada ka ce ya yashe ka. Ba ya kuwa zubar da abin da iyaye suka gina. Yakan sa shi a ƙarƙashi, ya riƙe sabuwar ƙasa.

To, ɗan'uwa, in ka koma gida yau, ka karkata tukunyarka ka duba gindinta.