Kwaɗo a Bakin Ramin Gaiwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Kwaɗo ya daɗe yana begen buɗin zuciya. Ya ji an ce in tafki ya ƙafe, Gaiwa takan shiga halwa cikin laka, ba ci ba sha. Da danginsa suka tafi kogi, ya ƙi bin su. Wata shida ya yi tsugune a bakin raminta, idonsa a kan tsagar laka, don ya fara jin abin da aka nuna mata.

Ruwan farko ya sauka, Gaiwa ta fito tana miƙa.

Kwaɗo ya ce, "Allah gafarta Malama, me kika gani?"

Ta ce, "Laka, ɗan nan. Sai kewar duniya. Kai da ke waje fa, ba ni labari. Shamuwa ta dawo? Ta ina hadarin ya taso?"

Kwaɗo ya tuna wata shidan da ya yi a nan. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba. Ya ɗaga yanzu, ruwa ya sauka a fuskarsa, ya fashe da kuka.

Har yau jikokinsa kan yi kukan nan da ruwan farko. Wasu na cewa zikiri ne.

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo.