Silinda Biyu Cikin Huɗu

Akwai wani makanike da ake kira Mai Kunne, domin da jin kukan inji yake faɗin ciwon mota. Ya iya aiki, sai dai gajen haƙuri. In ya riga ya faɗi abu, ya gama.

Wata safiya yayarsa ta kawo motarta gareji. "Auta, motar nan ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ga karkarwa kamar mai zazzaɓi."

"Filtar mai ce, Yaya."

"Kunnen naka a cikin injin yake kwana? Gwada mini dai."

Ya ɗauko gejin auna matsin silinda yana gunaguni. Ya cire fulogin farko ya ɗaura gejin, ta murza makulli, allura ta hau daidai. Silinda ta biyu ma haka. Sauran biyun suna ƙarƙashin wani bututu, sai an kwance shi, ga inji da zafi. Ya ce a ransa ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya canza filta ya rufe bonet.

"Shigo ki gani," in ji shi, ya karɓi sitiyari.

A kan wata hawa suka tarar da tankar mai tana jan jiki. Ya fita zai wuce ta. Suna kaiwa tsakiyarta ya taka totur, motar ta ƙi amsawa. Ya sake takawa har ƙasa. Babu. Sai ga tirela ta ɓullo daga saman hawan, tana hon ba ƙaƙƙautawa.

"Auta! Auta, koma!"

Ina zai koma? Tanka ta tare hanya. Yana ganin ƙarafan gaban tirelar suna girma. Yaya ta kama salati. Ya murɗe sitiyari suka afka kwalbati.

Shi bai ji ciwo ba. Ita ta karye a ƙugu.

Da aka janyo motar, ya kwance bututun. Minti goma kacal. Silinda ta uku da ta huɗu, allura da ƙyar ta motsa: gasket, shimfiɗar da ke hana matsi zurarewa, ya ƙone a tsakaninsu.

A asibiti Yaya ta dube shi. "Nawa ka gwada?"

"Biyu."

Ta juya fuskarta bango.

Darasin a nan shi ne: gwajin da aka tsaya a rabi ya fi rashin gwaji haɗari, domin yana sa mutum ya saki jiki. In an ba ka abu ka duba, duba shi duka, musamman inda hannu ke ƙyuyar kaiwa.