Zanin Gadon Kaka

Ƙawata, matso ki ji wannan, tunda ke ma kina da ɗalibai a gida.

Akwai wata yarinya da ke karatun aikin jinya a kwaleji. Tun tana ƙarama 'yan gidansu ke kiran ta Likita, ita kuma ba ta taɓa cewa a daina ba. Da zangon karatu ya ƙare, ta dawo hutu da sakamako mai kyau, alhamdulillahi.

Uwarta ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, don ita a hankali take karatunta. Likita na gefe tana ba da labarin darussan. Ga wanda suka haddace sunayen ƙasusuwa, ga wanda suka koyi awon jini, ga na malamin da ke ba su dariya har awa biyu ta wuce ba su sani ba.

Yatsan ya tsaya a layin ƙarshe. "Wannan fa? Na ga makinsa ya rame."

"Rabu da shi, Umma, gyaran gado ne. Mace ta tara mu wata huɗu tana koya mana shimfiɗa zani! Sau uku na shiga na daina, ni ba aikin otal na je koya ba. Wata 'yar ajinmu ce ta cinye shi, Sannu-Sannu muke ce mata. Ita kam ko gadon da ba kowa a kai sai ta yi masa sallama."

Uwar ta ninke takardar.

To, a ɗakin ƙurya akwai kakar yarinyar, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Kowace safiya uban ne ke ɗaga ta cak, uwar ta canja zanin gado. Sai tafiya ta kama shi ta mako guda. Uwar ta gwada ɗagawa ita kaɗai, bayanta ya riƙe. Washegari zanin ya jiƙe, ya tattare a ƙarƙashin tsohuwa, fatar ƙugunta kuma ta fara ja. In wurin nan ya fashe ya zama gyambo, sai dai Allah ya kyauta.

"Ga Likita a gida, me muka rasa?" in ji Kaka.

Likita ta naɗe hannun riga. Ta ja zanin, ya ƙi fitowa. Ta zura hannu a hammatar tsohuwa za ta ciccibe ta, Kaka ta yi ƙara.

"Ke! Buhu kika samu? Wannan karatu naku, da ƙarfi ake ba da shi?"

Yarinya ta tsaya, gumi na tsattsafo mata. Ta san sunan kowane ƙashi a bayan nan, amma ba ta san yadda za ta raba shi da jiƙaƙƙen zani ba. Ta daɗe tana juya wayarta a hannu kafin ta kira Sannu-Sannu.

"Don Allah ki yafe min tsokanar da nake miki. Kakata ce, na kasa canja mata zanin gado."

"Haba, ba komai. Buɗe muryar wayar ki ajiye. Kin gaya mata abin da za ki yi?"

"A'a."

"To fara da nan. Kuma kar ki ɗaga ta, ba a ɗagawa."

Haka ta bi da ita daki-daki. A juya Kaka ta kwanta a gefe, uwar ta tare ta da hannu ɗaya. A nannaɗe tsohon zanin har ya taɓa bayanta. A shimfiɗa rabin sabon a wurin da ya buɗe. A mirgino ta a hankali ta haye kansa, a zare tsohon ta ɗaya gefen, a ja sabon.

"Yanzu shafa da tafin hannunki," in ji Sannu-Sannu. "Ko tattara ɗaya kar ki bari, ita ke cin fata. Kuma duk bayan awa biyu a sauya mata gefe."

Kaka ta sauke ajiyar zuciya. "Allah ya yi wa ta cikin wayar nan albarka. Ke ma ya yi miki, amma ita ce a gaba."

Duka ɗakin aka yi dariya, har da Likita, tana share ido da gefen mayafi.

Kafin mako ya cika jan ya baje, uwar ma ta iya, ba tare da bayanta ya sake kuka ba. Ranar da uban ya dawo, ya shigo da safe zai ɗaga mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, Kaka ta ɗaga masa hannunta mai lafiya.

"Je ka huta, ɗana. An sallame ka daga aiki."

Darasi: Kada ki raina ilimi don ya zo miki a ƙanƙance, kada kuma ki raina mai riƙe da shi. Darasin da kika tsallake yau, wataƙila shi Allah zai fara tambayar ki a cikin gidanku. Ki tura wa duk ɗalibin da ya dawo hutu.

Amma fa ƙawata, na san kin gane gidan. Don girman Allah wannan kam ya tsaya tsakaninmu, kar ki faɗa wa kowa.