Hayaƙin Kuluwa da Dundumin Kaza

Ajiye dutsen nan, Sallau. Da kai nake, ba da katanga ba. Kun ga kazar mutane ta rakuɓe a gindin bango ta rasa inda za ta sa kanta, abin da ya zo muku a rai shi ne jifa da dariya. Wa ya koya muku? Ba dai a gidan nan ba. Ku zo ku zauna a inda nake ganinku. Wanda ya katse ni, tuwonsa na dare ya zama na wani.

Dalilin da ya sa kuke ganin kaza tana dabur-dabur da zarar rana ta faɗi, ba wauta ba ce irin taku. Mutum ne ya jawo mata.

A zamanin kakannin kakanninmu, a Tungar Kanya, kaza tana gani cikin duhu kamar kyanwa. Ba a san akurki ba. Inda ta ga dama nan take kwana, in kuwa akwai farin wata, ba ta ma kwanan, kiwo take yi. To, da rana in kazar maƙwabci ta shigo miki, kya kore ta. Da dare fa? Mace za ta bar shanyar gero ta kwanta, ta wayi gari ta tarar da tabarma fayau. Ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, kafin su yi kunne biyu an tone su. Kowa ya ce kajin wane ne, wane ya ce ba nasa ba ne. Faɗa ya yi yawa har mata suka daina shiga gidan juna ɗibar wuta, maza suka daina haɗa kwano a ƙofar gida.

Mai unguwa na lokacin, Nomau, tsoho ne mai magana ɗaya. Ya tara mutane a gindin kanya ya kafa doka. Ya ce da rana kaza ta je inda take so, a kore ta amma kada a doke ta. Idan kuwa ladan ya kira magariba, kowa ya tattara nasa. Duk kazar da kiran ya riska a gidan wani, ta zama ta mutanen gidan, babu roƙo babu biko.

Doka ta yi aiki. Yamma na yi za ka ji mata suna kiran kajinsu, gari ya yi lafiya.

Sai dai akwai wata mata, Kuluwa, mai tuwon sayarwa ran kasuwa. Ita ba ta kiwo, wai dusa tana mata tsada. Da ta ji dokar nan, sai ta hango abin da kowa bai hango ba. Ta fara watsa tsabar gero a lungun bayan madafinta da la'asar sakaliya, dab da wata kafa da ke jikin danga. Kaji sukan shigo su ci, amma da sun ji muryar masu su sai su fice. Ta gwada toshe kafar, suka tsallake dangar. Daga nan ta kawo dabarar da shaiɗan ma sai ya tsaya ya koya. Ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye a lungun, ta bari sai kaza ta duƙufa kan tsaba, ta zuba busasshen barkono a wutar, ta fifita. Hayaƙi na bugun idon kaza sai ta runtse ta durƙushe. Kuluwa ta kifa mata kwando, ta jawo ta tsakar gida, ta zauna jiran ladan. Yana buɗe baki sai ta leƙa waje ta kira shaidu, a zo a ga kazar da ta ƙi tafiya gidansu.

Maƙwabta sukan yi ta tari da atishawa, su tambaya. Ta ce miyar kasuwa take haɗawa. Miyar kuwa ta yi suna, don kullum da nama a ciki. Wata ta taɓa ce mata a bakin rijiya, “Ke Kuluwa, ban taɓa ganin mai farin jinin kaji irinki ba, ko turare kike musu?” Ta amsa cewa ai dabba ma ta san gidan albarka. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ana zarginta, amma ba wanda ya kama ta, kuma kafin gari ya waye sosai an yanka kazar an fige.

Danga ɗaya ce ta raba ta da wata ƙaramar bazawara mai suna Tarana. Mijin Tarana ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ba akuya ba tunkiya, sai jar kaza guda ɗaya. Kazar nan ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe a tsakiyar damina, 'yan tsaki masu yawa, ko gashin kirki ba su yi ba. A kansu Tarana ta ɗora duk tunaninta. Su ne sabulu, su ne gishiri, su ne rigar yara in Allah ya raya su.

Wata yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Tarana tana ta kwashe shanya da itace, ba ta lura ba jar kaza ta ji ƙamshin tsaba ta ratsa kafar dangar, 'yan tsaki na biye da ita. Ba su kai ga shiga ba hayaƙi ya bugi uwar. Ta saki irin ƙarar da take yi in shirwa ta kawo sura. Ku da kuke kiwo kun sani, ɗan tsako in ya ji wannan ƙara, ɓuya yake yi, kuma ba ya fitowa sai uwarsa ta kira shi da bakinta. Suka ruga gaba ɗaya suka shige can ƙarƙashin rumbun Tarana, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, inda hannu ba ya kaiwa. Nan ne kuma ruwan gidan duka yake bi in an yi ruwan sama.

Tarana ta durƙusa ta yi kira, ta watsa dusa, ta zura kara. Ko motsi. Tana nan a durƙushe ladan ya kira salla, sai ga muryar Kuluwa a waje tana neman shaidu.

Tarana ta zagaya ta shiga gidan, ta rusuna ta gaishe ta kamar yadda ake gaida babba. Ta ce ta san doka, ba ta zo musu ba. A ara mata kazar na daren nan kawai ta fito da 'ya'yanta, gobe da safe ta dawo da ita da hannunta.

Kuluwa tana zaune a kan turmi, ƙafarta ɗaya a kan kwandon. Ta ce, “'Yar nan, ni na kafa dokar? In na ara miki, gobe wata ta zo, jibi wata. Je ki ga Mai unguwa, shi da ya ce babu roƙo.”

“Inna Kuluwa, dubi sama.”

“Na gani. Shi ya sa nake so ki tafi in rufe ƙofata.”

Tarana ta fita da gudu ba mayafin kirki. Ta tari Nomau yana fitowa daga masallaci, ta zube a gabansa ta faɗi abin da ke tafe da ita. Tsohon ya biyo ta, mutane suka biyo shi, iska ta fara kaɗa karan danga. Ya tsaya a tsakar gidan Kuluwa ya saurari kowa. Ya tambaya ko kiran salla ya riski kazar a nan. Shaidu suka ce ya riske ta. Ya tambayi Tarana ko ta ga an kamo ta da hannu. Ta ce ba ta gani ba, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Nomau ya ɗaga kai ya dubi hadarin. Ya san in ya karya dokar saboda tausayin mutum ɗaya, gobe unguwa ta koma gidan jiya. A ƙarshe ya ce kaza ta Kuluwa ce. Aka yi tsawa a nesa. Wasu mata suka juya fuska.

Tarana ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, na ji na karɓa. Abu ɗaya nake roƙo. A sauke ta a bakin kafar can ta kira 'ya'yanta. In sun fito, Inna Kuluwa ta haɗa har da su ta riƙe. Gara su rayu a gidanta da su mutu a nawa.”

Nan kwaɗayi ya yi wa Kuluwa abin da yake yi wa mai shi. Ta hango kaji cike da tsakar gida ba tare da ta sha wahalar kwanci ba, ta manta abin da ke ƙarƙashin kwandon. Ta ce in dai don taimako ne, ai ita ba ta ƙin taimako. Ta ɗauke ƙafa ta ɗaga kwando.

Kaza ta miƙe. Ta yi taku biyu ta bugi turmi. Ta juya ta bugi tulu. Ga kafar danga a buɗe kusa da ita, ga kukan 'yan tsaki ana ji ƙasa-ƙasa, amma sai ta nufi murhu kai tsaye, har sai da wani ya tare ta da ƙafa. Tun da aka halicci kaza ba a taɓa ganin wadda duhu ya ɓatar ba.

Nomau ya sunkuya ya ɗauke ta. Idanunta a rufe, suna ta ruwa. Ya kai hancinsa jikin gashinta, sai atishawa ta kama shi, ya yi ta yi har hularsa ta karkace. Da ta lafa, ya dubi Kuluwa, ya ga nata idanun jawur. Ya tambaye ta me ta dafa yau. Ta ce miyar kasuwa. Ya ce gobe ba kasuwa, kuma ga tukunyarta can a kife. Bai jira amsa ba ya zagaya bayan madafi, mutane na binsa. Ga kasko da sauran garwashi, ga barkono rabi a ƙone, ga tsabar gero a warwatse, ga gashin kaji kala-kala da iska ta tara a lungun. Kowace mace ta gane launin tata.

Sai ruwa ya fara saukowa, manyan ɗigo. Nomau ya miƙa wa Tarana kazar ya ce ta yi sauri, sauran magana sai da safe. Ta keta ta kafar dangar, kara na yankanta, ta durƙusa a gindin rumbu ta ajiye uwar a ƙasa. Kaza ba ta ganin komai, amma ta ji kukansu, ta buɗe fukafukai ta fara kira. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a jiƙe, Tarana na tsincewa tana zubawa a zaninta. Ruwa ya ƙarfafa ya fara bi ta ƙarƙashin rumbun. Mafi yawa sun fito. Biyu da suka fi nisa a ciki, sai da safe aka gan su a bakin rariya.

Gari na wayewa idon jar kaza ya buɗe, ta yi kiwonta kamar ba abin da ya faru. Amma rana na faɗuwa, daidai lokacin da aka yi mata hayaƙin, sai ya sake rufewa. Haka washegari, haka kullum. 'Ya'yan da suka kwana a ƙarƙashin gashinta mai barkono su ma suka tashi da abin, suka haifi nasu da shi.

Nomau ya sake tara mutane a gindin kanya. Ya ce dokar farko ta mutu, tun da an mai da ita tarko. Daga yau kazar da magariba ta riska a gidanka makauniya ce, ba ɓarna ta zo yi ba, sai ka ɗauke ta ka kai wa mai ita. Kowane gida kuma ya yi wa kajinsa wurin kwana. Shi ya sa har yanzu za ku ga kaza tun rana da sauran haske ta kama hanyar gida tana sauri, tana tsoron kada duhun nan ya same ta a gidan wani.

Kuluwa kuwa, ba a doke ta ba, ba a kore ta ba. Abin da aka ɗora mata ya fi haka. Duk gidan da ta ci kazarsu, ita za ta kwaɓa ƙasa da ƙafarta ta gina musu akurki, ta kuma sa kaza a ciki. Kuma ba a ko'ina za ta samo kajin ba sai a wurin Tarana, a yadda Tarana ta ga dama ta sallama. Kwanukan auren Kuluwa duka a nan suka ƙare, da tasoshinta, har tukunyar miyar, wadda dama ba wanda ya ƙara tsayawa a gabanta a kasuwa. Ta haka jinin jar kaza ya shiga kowane gida, daga nan ya bazu duniya.

Bayan wannan, kowace yamma Kuluwa ce mai bin lungu-lungu tana tsince kajin da suka makara tana kai su gidajensu. Ta yi shekaru tana yi. Amma hayaƙin da ta daɗe tana fifitawa bai bar ta ba. Tun tana laluben kaji, har ta koma laluben hanya. A ƙarshen rayuwarta duk inda kiran magariba ya riske ta, nan take durƙushewa a gindin dangar mutane, tana jira. Wanda ya tsince ta, shi zai kama hannunta ya kai ta gida, kamar yadda doka ta ce a yi wa kaza.