Wutar da Ta Ci Dawar Nomau

An yi wani mutum, 'ya'yana, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da coci ɗakin jinka ne, Fada kuma, wato limamin coci, sai ya yi wata da watanni kafin ya zagayo a kan keke. Na ga idanunku suna kan ƙofa. Na sani, an ɗaure akwatuna, gobe war haka kowa yana gaban tuwon gidansu. Ku ara mini kunnuwanku kaɗan. Wannan ce Misarmu ta ƙarshe a bana, ba na so ku tafi hannu rabbana.

Sunan wannan bawan Allah Nomau. Ranar baftisma an sa masa Barnaba, amma sunan bai zauna a bakin mutane ba. Manomi ne, ba sarauta, ba dukiya, sai gona da jaki, da matarsa Sisiliya da 'ya'yansu, da tsohuwarsa da yake riƙo.

A wata shekara damina ta yi albarka. Nomau ya yanke dawarsa, ya ɗaure dammuna, ya jibge su a tsakiyar gona kamar yadda maƙwabtansa suka yi, ana jiran a kwashe zuwa rumbu. Ran nan da hantsi ya koro jakinsa zai fara jido, sai ya hango hayaƙi ya turnuƙe. Ya saki jaki ya sheƙa. Kafin ya isa, sai ga mutum ya ɓullo daga cikin ciyawa a guje, kare na bin sa, gafiya na reto a kafaɗarsa. Wanda ka goya a bayanka, ko daga nesa ka san gudunsa. Jatau ne, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya cinna wa ciyawa wuta don ya kori gafiya, iska ta juya, wuta ta fi ƙarfinsa. Maimakon ya yi kururuwa a kawo ɗauki, sai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Mutane sun fito da ɗanyen ganye suna bugu, amma ina! Kafin rana ta take tsaka, dawar Nomau ta zama toka, ta haɗa da ta maƙwabta. Wahalar shekara guda, 'ya'yana, ta tashi a hayaƙi kafin a gama dama fura.

To, a garin akwai doka tun ta kaka da kakanni: wanda ya ƙona abincin mutane, ba shi ba zama a garin. Kuma ciki mai jin tsoron yunwa ba ya jiran bincike, wanda zai ɗora wa laifi yake nema. Akwai wani maƙeri, Shekarau, baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba. Ba ɗan cocinsu ba ne, ba dangin kowa ba ne. Yakan shiga daji ya ƙona itace ya yi gawayin maƙerarsa. Wata mata ta ce ai da safen nan ta gan shi da gawayi a ka. Shi ke nan, magana ta zauna. Shekarau ya rantse, ya kuma rantsewa, ba wanda ya saurare shi. Mai gari ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a yanke hukunci.

Nomau ya koma gida ya gaya wa matarsa abin da idonsa ya gani. Sisiliya ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Jatau? Wanda nake zuba wa tuwo kullum? Tashi, maigida, tashi ka je ka faɗa. A kore shi, ya ɗanɗana abin da 'ya'yana za su ɗanɗana!"

Ya ce, "Sisiliya, in na je da irin wannan zuciyar, ba gaskiya zan kai musu ba. Wuta ta biyu zan kai."

Bai gama da wannan ba, sai tsohuwa ta aiko kiransa. Ita ma ta sani, don ta ga wandon Jatau a babbake. Da yake Nomau ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Kai wannan, zauna. Na san abin da ke cikinka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baƙo raɓa ne. Maƙeri duk inda ya je da gudumarsa zai ci abinci, ƙanenka kuwa ina za shi? Ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru kawai na ce ka yi."

Ku saurara, 'ya'yana, ku saurara da kyau. Wannan jarrabawar ta fi wadda kuka rubuta makon jiya wuya. Matarsa ta ce ya yi magana don fushi. Uwarsa ta ce ya yi shiru don ƙauna. Kuma shirun nan daɗi gare shi. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya san ya gani sai mutanen gida. Ya riƙa ce wa kansa, "Ai ni aka cuta. Dawata ce ta ƙone. In na yi shiru, wa na zalunta?"

Ranar Lahadi ya tafi coci. Katikis ya ja addu'a, jama'a suka amsa, Nomau ya buɗe baki, harshe ya ƙi motsi. Da aka tashi, hanya ta bi da shi ta bakin rijiya. Nan ya ga matar maƙeri tsaye da tulu, mata sun juya mata baya, ba wadda ta ara mata guga. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗauki tulunta ba ruwa ta koma. A nan Nomau ya sami amsar tambayarsa. Ya ga wanda shirunsa yake zalunta.

Bai wuce fada ba tukuna. Ku lura da wannan. Wurin ƙanensa ya fara zuwa. Ya same shi a bayan rumbu yana zaune, ya haɗa kai da gwiwa.

Ya ce, "Jatau, na gan ka."

Jatau bai ɗago ba. Ya ce, "Ka gan ni a ina, Yaya?"

"Ka san inda na gan ka. Ban zo don dawa ba, dawa ta riga ta tafi. Na zo ne don za a kori mutum da iyalinsa a kan abin da bai yi ba. Tashi mu je wurin mai gari, ka faɗa da bakinka. Zan tsaya a gefenka, ba zan matsa ba."

"In na faɗa, ni za a kora."

"Zan roƙa maka."

Jatau ya miƙe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wato kai ne za ka tona mini asiri? A kan bare?"

Nomau ya ce, "Roƙonka nake ka riga ni."

Ranar kasuwa ta zo, gari ya taru a ƙofar fada. Shekarau yana zaune a ƙasa, kayansa a ɗaure, zugazugai da guduma da 'yan tabarmi, don ya riga ya fid da rai. Nomau yana ta duban ƙanensa cikin taro, ko zai tashi. Jatau ya sunkuyar da kai. Mai gari ya gyara murya zai yanke hukunci, sai Nomau ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙeri bai sa wuta ba."

Mai gari ya ce, "To, wa ya sa?"

"Ƙanena ne, Jatau. Da idona na gan shi. Ba da gangan ya yi ba, gafiya yake nema, amma shi ne."

Wuri ya kaure. Wasu na cewa a kama shi, wasu na cewa a fitar da shi yanzu-yanzu. Nomau ya zube a gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gama ba. Mafi yawan abin da ya ƙone nawa ne, kuma na yafe, duniya da lahira. Na maƙwabtana kuwa, in Allah ya kai mu damina, ni da shi za mu nome musu gonakinsu, daga shuka har girbi. A bar mini ƙanena. Na faɗi gaskiya don kada a kori marar laifi, ba don a kori mai laifi ba."

Mai gari ya dubi maƙwabtan, suka gyaɗa kai. Ya ce, "Mai dawa ya yafe, ni wane ne? Maƙeri, kwance kayanka. Jatau, ka ci albarkacin yayanka."

Kuna tsammani aka yi masa tafi, ko? Kuna tsammani aka ɗaga shi sama? A'a, 'ya'yana. Ba zan yi muku zaƙin baki ba, gaskiya takan zo da tsadarta. Jatau bai iya ɗaukar kunyar ba, washegari aka neme shi aka rasa. Tsohuwa ta ɗauke wa Nomau wuta. Kowace safiya yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ina kwana?" sai ta juya fuska ga bango. Gobe ya dawo, jibi ya dawo. A gari wasu suka ce ya sayar da ɗan'uwansa, wasu suka ce wawa ne da ya yafe. Bazara ta zo, rumbu wayam. Suka ci rogo, suka ci tafasa, Sisiliya ta shiga surfe a gidajen mutane. Wata rana takan yi mita, wata rana takan yi kuka, amma ba ta bar shi ya fita da ciki wofi ba in dai akwai abin da za a lasa.

Ruwa ya sauka. Alkawari kuwa kaya ne. Nomau ya ɗauki fartanya ya shiga gonakin maƙwabta shi kaɗai, aikin mutum biyu a wuyan mutum ɗaya. Sai rana ta yi sanyi yake samun ya leƙa tasa gonar, wadda ciyawa ta fara cinyewa. Akwai ranar da ya zauna a bakin kunya ya ce, "Ya Ubangiji, na yi abin da na ga daidai ne, ga shi ba uwa, ba ƙane, ba hatsi. In da kuskure a ciki, ka nuna mini. In babu, ka ba ni ƙarfin gobe." Bai ji wata murya daga sama ba. Amma gobe ta zo, ya tashi, ya koma gona.

Ana nan, sai Shekarau maƙeri ya kai fartanyu wata kasuwa mai nisa. Yana cikin ciniki ya hango wani ɗan dako ya rame, riga duk ta yage, yana nishi a ƙarƙashin buhu. Ya duba da kyau, Jatau ne. Jatau na ganin sa ya nemi ya ɓuya, maƙeri ya riƙe masa hannu. Ya zaunar da shi, ya saya masa abinci, ya bari sai da ya ƙoshi.

Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, yayanka yana can yana nome gonakin mutane shi kaɗai a madadinka. Ƙashin wuyansa duk ya fito. Tsohuwarku ba ta amsa gaisuwarsa saboda kai. Tashi mu tafi gida."

Jatau ya ce, "Kai da aka so kora saboda ni, kai ne za ka mai da ni gida?"

Maƙeri ya ce, "Na san yadda mutum yake ji in ya ɗaure kayansa bai san inda za shi ba. Ba na yi wa kowa fatan haka. Tashi."

Suka iso da rana tsaka, Nomau yana duƙe a gonar maƙwabci. Ya ɗago, ya ga ƙanensa tsaye. Jatau ya durƙusa a cikin laka.

Ya ce, "Yaya, ni na sa wutar."

Nomau ya ce, "Ai na sani."

"Na san ka sani. Gari duka ya sani. Amma ban taɓa faɗa da bakina ba."

Nomau ya kama shi ya tashe shi, suka rungume juna, manya da su suna kuka kamar yara. Da suka nutsu ya miƙa masa fartanyarsa ya ce, "Kama daga can, ni bari in ɗan miƙe baya." Da yamma suka shiga gida tare. Tsohuwa ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce wa Sisiliya ta ƙara gari a tukunya. Sannan ta juyo ga babban ɗanta, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Sannu da aiki."

To, 'ya'yana, ga abin da nake so ku ƙulle a bakin zane. Gaskiya ba tare da jinƙai ba takan zama bulala, jinƙai kuma ba tare da gaskiya ba yakan zama zalunci ga wani da ba ya kusa da zuciyarka. Allah yana son su a haɗe, ko da haɗa su zai ci maka rai na ɗan lokaci.

Shekara guda muka yi tare a makarantar nan. Wani a cikinku ya san wanda ya fasa abu a ɗakin kwana, ya bari aka sa wani juniya yankan ciyawa, don mai laifin abokinsa ne. Wata ta faɗi gaskiya, amma don ta ga an wulaƙanta 'yar'uwarta ta faɗa. Wani kuma shi ne Jatau, kowa ya sani, shi ma ya san an sani, bakinsa ne kawai ya yi nauyi. Akwai kuma masu fargabar kai sakamako gida, suna ganin shekararsu ta tashi a banza. Ba ta tashi a banza ba. Wanda yake da rai yana da wata damina, kuma Yesu Kristi da muke shirin murnar haihuwarsa bai zo don waɗanda suka ci komai ɗari bisa ɗari ba.

Motoci sai gobe. Yau tana hannunku. In an tashi daga nan, kafin a buga ƙararrawar abinci, nemi wanda ka cuta ka gaya masa da bakinka. Wanda aka zo wurinsa kuma, kada ya ja rai. Ni ma ina nan a bayan coci har yamma, ga mai son ya sauke kayansa a gaban Allah.

Ubangiji ya kai ku gida lafiya, ya sa ku tarar da iyayenku lafiya. Mu miƙe tsaye.