Ranar da Alhaji Mas'udu Ya Zama Shinge

Akwai wani Alhaji a Gusau, sunansa Mas'udu, mai sayar da kayan gini. Kafin wani ya ce ƙirƙira na yi, kamar yadda kuka saba yi mini a ƙasan kowane rubutu, to ku sani da idona na ga wannan. Ina wurin, sanye da hular nan tawa mai kyau wadda har yau ba wanda ya yaba.

Alhaji Mas'udu ba mugun mutum ba ne. Abu biyu ne dai yake ji da su kamar ransa: farar shadda, da sabuwar motarsa. Motar nan ko ƙuda ne ya sauka a kanta, sai Alhaji ya zaro hankici.

Yana da 'ya 'yar firamare, sunanta Husna.

Da aka yi dogon hutun damina, wasu iyaye da malamai a Bungudu suka shirya wa yara abin da suka kira Asabar a Gona. Malam Yahaya, wani malamin firamare, shi ne jagora. Kowace Asabar sai a kwaso yara daga Gusau da Bungudu, har da 'yan Nahuce da Tsafe, a kai su bayan gari kaɗan. Ba a yin nisa, daga gonar ana hango rufin makaranta.

A can yaran birni suka fara sanin kanya daban, ɗorawa daban. A can suka ga yadda ake tatsar nono. Wani yaro ma da ya ga gyaɗa na fitowa daga ƙasa, cewa ya yi wa ya binne ta.

Wata dattijuwa, Inna Tambaya, ita ta yanka musu gefen gonarta ta gero, aka ba kowane yaro kunya ɗaya ta shuka. Shi zai nome ta, shi zai cire ciyawa, shi zai kaɗa gwangwani ya kori tsuntsaye. Doka ɗaya Inna ta kafa. Ranar rufe taro kowa zai yanko zangarniya daga kunyarsa, a gasa tumu, kuma ba zai kai ko ƙwara bakinsa ba sai ya fara zuba wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa da hannunsa.

Kunyar Husna ita ce ta ƙarshe, daf da burtali. Ga 'yan birni da ke bina: burtali hanyar shanu ce da ake bari tsakanin gonaki, da shinge dama da hagu. Ta nan shanun wani makiyayi, Adamu, ke fita kiwo da safe, ta nan suke dawowa wajen la'asar. Akwai 'yar ƙofa a shingen inda yara ke shiga gona, ana toshe ta da reshen ƙaya.

Shi ma Adamu yakan tsaya ya koya wa yaran abin da ya sani. Yakan ce musu, "In saniya ta nuho ka, kak ka gudu, kak ka yi ihu. Tsaya ka buɗe hannu, ka yi faɗi. Ita da kanta za ta canza hanya."

Duk tsawon hutun nan, Alhaji Mas'udu bai taɓa leƙa gonar ba. Motar haya ce ke kai Husna tare da 'yan unguwa.

Ana jibi rufe taro, ta same shi yana goge madubin mota.

"Baba, ranar Asabar za ka zo ko? Kowa babansa ya taɓa zuwa."

"Ke Husna, ni da na baro gona tun ina yaro, yanzu ki mayar da ni? Gero ai ga shi can buhu-buhu a kasuwa."

"Na kasuwa ba ni na noma shi ba."

Alhaji ya ci gaba da goge madubinsa.

Ranar Asabar sai ga shi cikin farar babbar riga wadda ta sha sitaci, tana ƙara in ya motsa. In gaya muku gaskiya, in ka cire ni, ba wanda ya kai shi ado a wurin.

Iyaye duk a filin makaranta suke barin ababen hawansu, su ƙarasa da ƙafa. Alhaji ya dubi filin, ya ga yara na jingina da motocin mutane da hannunsu duk ƙasa, ya ce ina! Ya wuce gaba. Can ya hango wata hanya miƙaƙƙiya da inuwar ɗorawa a kanta. Ya karya kan mota ya shiga, ya tsaya daidai ƙofar gona, tayarsa ta danne reshen ƙayar nan ta kwantar da shi.

Malam Yahaya ya taho da sauri. "Alhaji, sannu da zuwa, mun ji daɗi ƙwarai. Sai dai nan burtali ne. Da ka daure ka mayar da ita makaranta."

"Malam, ni fa ban ga inda aka rubuta sunan saniya a nan ba."

Inna Tambaya na zaune a tabarma tana gyaran kara, ta ɗago. "Ɗana, wagga hanya ta girmi kakanka. Tun ba a san mota ba shanu ka bin ta."

"Inna, kafin su dawo na tafi. Tumu ne fa kawai, ba walima ba."

Inna ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta ci gaba da aikinta.

Aka shiga shagali. Yara maza suka yi langa, mata suka yi gaɗa, aka yi gasar faɗin sunayen bishiyoyi. Ni kuma, saboda kishin al'umma, na naɗa kaina alƙalin ɗanɗano. Na sanar cewa duk tumun da aka gasa sai ya fara bi ta bakina, don a tabbatar ya nuna. Inna Tambaya ta ce dokarta ba ta san da wannan muƙami ba. A gaban yara fa ta faɗa. Na bar ta da Allah.

Bayan azahar hadari ya taso, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ruga rumfa. Bai daɗe ba ya ɗauke, rana ta fito, aka hura wuta da karan da Inna ta ɓoye. Yara suka bazu cikin gero, kowa da mahaifinsa a baya, ana yankan zangarniya.

Husna ba ta yanka ba. Tana tsaye da 'yar wuƙarta tana jiran babanta, shi kuma yana gindin ɗorawa yana waya kan maganar siminti.

Sai aka ji kukan shanu daga nesa.

Alhaji ya katse waya, ya faɗa mota, ya tayar. Abin da bai sani ba, ƙasar burtali kullum kofato na tattake ta, in ta sha ruwa kunu take zama. Ya taka, taya ta juya a wuri ɗaya. Ya ƙara takawa, mota ta zauna har ciki kamar kaza a kan ƙwai.

Sai ga Adamu a guje, ya riga shanunsa isowa, sanda a kafaɗa.

"Alhaji, mi ya kawo mota nan?"

"Kai, tsayar da shanunka tukuna!"

"Ba su tsayuwa, Alhaji. Maruƙa na can ruga suna kuka, uwayen sun ji. Na baya na turo na gaba, kuma babu wurin juyawa." Ya dubi mota, ya dubi ƙofar gona da ke buɗe. "Hanya biyu ta rage. Gehen motarka akwai ɗan wuri, ɗai-ɗai za su wuce, amma ƙaho zai taɓa ta. In ba a tare ƙofar ga ba, ta nan za su bi, don ta hi faɗi."

Duk wanda ke wurin ya san abin da ke bayan ƙofar nan. Kunyar Husna ce, zangarniyarta cike, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da Alhaji ya fito daga motar, ita ya fara tunawa. Ya tsaya a ɗan wurin nan ya kare ta da jikinsa, yana cewa, "Fentin kamfani ne fa! Ko wata uku ba ta yi ba!"

Da ya waiga, sai ya hango Husna. Ta ajiye wuƙa, ta je tsakiyar ƙofar ita kaɗai, ta buɗe 'yan hannuwanta kamar yadda aka koya mata. Ba ta motsa ba. Ba ta kuma kira shi ba.

Malam Yahaya ya zabura zai ɗauko ta, amma Alhaji ya riga shi. Ban san mai tumbi na iya gudu haka ba. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, bai ko waiwaye shi ba. Ya janye 'yarsa ya mayar bayansa, ya tsaya inda take.

"Ke, yaya ake yi?"

"Kada ka yi ihu, Baba. Buɗe hannu. Yi faɗi."

Alhaji ya ware hannuwa. Jama'a, ranar na san amfanin babbar riga. Shaddar nan ta buɗe tun daga wannan shinge har wancan, ta rufe ƙofar ruf. Sauran iyaye suka zo suka jeru a gefensa, yara a bayansu kowa ya buɗe hannu. Ni kuwa na koma can baya kan tudu ina ba da umarni, don kowace runduna tana buƙatar kwamanda.

Uwar garke ta iso, wata fara mai dogayen ƙahoni. Ta tsaya a gaban Alhaji, ta dube shi, ya dube ta. Ta sunsuni rigar. Sai ta zaro harshe ta naɗe bakin shaddar ta fara tauna.

Alhaji ya yi magana ta tsakanin haƙora. "Malam Adamu. Malam Adamu! Tana cin rigata."

Ku lura, ɗazu "kai" ne, yanzu ya zama Malam.

"Sitaci ta ji, Alhaji. Kak ka sauke hannu."

Adamu ya yi mata wani ɗan sauti da baki, ya taɓa wuyanta da sanda. Ta saki rigar bayan ta yagi rabonta, ta juya ta matsa ta gefen mota.

Ƙiiiii!

Alhaji ya runtse ido. Ta biyu ta bi. Ƙiiiii! Haka suka yi ta wucewa, kowace na barin tata shaidar. Duk ƙara ɗaya sai Alhaji ya ce "Inna lillahi," amma wallahi hannunsa bai sauka ba har ɗan bijimin ƙarshe ya wuce.

Ko ganye ɗaya na geron yara ba a taɓa ba. Wurin ya kaure da tafi da guɗa.

Ba a jima ba Adamu ya dawo da bijimai biyu da igiya. Aka ɗaura, iyaye suka tura ta baya, mota ta fito tana ɗigar laka. Alhaji ya kasa haɗa ido da shi.

"Malam Adamu, ni na tare maka hanya, kuma kai ka zo fitar da ni."

Adamu ya yi dariya. "To in ban hid da kai ba, Alhaji, gobe ta ina za mu bi?"

Sannan Husna ta ja hannun babanta zuwa kunyarta. Yana tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta zaɓi zangarniyar da ta fi kowace cika ta yanka. Ta gasa ta a bakin wuta tana juyawa har ta fara fashewa. Ta murje a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba masa.

Alhaji ya watsa a baki. Ya tauna a hankali.

"Rabona da wannan tun ina bin babana gona a Wonaka." Ya miƙa hannu. "Ƙaro."

Inna Tambaya ta ce, "Ashe dai ɗan gona ne, shadda ta ɓoye muna shi."

Shi ya fi kowa dariya, bakinsa baƙi ƙirin da toka.

Har yau bai sa an shafe zanen ƙahonin nan daga jikin motar ba. In abokan kasuwa suka ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aika?" sai ya shafa wurin ya ce, "Ranar da na ci tumun Husna ne." Da hutu ya zagayo kuwa, shi ne ke tsayawa a bakin burtali yana korar masu mota zuwa filin makaranta, har yana yi musu faɗa wai ba su san hanyar shanu ba.

Ni da na jagoranci aikin ceton nan daga kan tudu, zangarniya ɗaya aka ba ni, ita ma rabinta gawayi. A hoton da aka ɗauka kuma, gefen hulata kawai ya fito. Ba komai. Akwai Allah.

Darasi: Duk hanyar da ka tarar mutane sun bari, da dalili suka bar ta, kada girman kai ya sa ka tare ta. Mota ana sake mata fenti, riga ana ɗinka wata, amma ranar da ɗanka ya tsaya yana jiran ka ga abin da hannunsa ya yi, in ta wuce ba ta dawowa. Iyaye, in an shirya wa yara irin wannan fita a hutu, kada ku tura su kawai, ku bi su. Ku tura wannan rubutu ga duk uban da kuka san kullum "ba ni da lokaci" ne a bakinsa, kuma wanda ya kwafa bai ambaci sunana ba, na bar shi da uwar garken Adamu.